Ciwon da Ke Kwana a Ƙasa: Tarihin Yaushin Tumatir daga Granville zuwa Bagega

Duk wanda ya taɓa dasa tumatir a bayan ɗaki, ko ya riƙe lambu a fadamun Gulbin Zamfara tsakanin Anka da Bukkuyum da Gummi, ya san wannan al'amari. Shuka ta kama, ta yi fure, har ta fara ɗaura 'ya'ya. Wata rana da azahar sai a ga ganyenta na sama ya langaɓe kamar mai jin ƙishirwa, alhali ƙasar gindinta a jiƙe take. Da dare ta ɗan farfaɗo, mai ita ya yi hamdala. Bayan kwana biyu ko uku sai ta kwanta gaba ɗaya, ganyenta na nan kore shar, bai ko soma rawaya ba. Mai lambu ya ƙara ruwa, ya tafi kasuwa ya sayo maganin feshi, amma kafin mako ya zagayo waɗanda ke kusa da ita sun bi sahunta.

Wannan shi ne ciwon yaushi. Masana sun shafe sama da shekara 120 suna bin diddiginsa, kuma abin da suka tabbatar ba mai daɗin ji ba ne ga mai neman magani a kwalba: babu feshin da ke tayar da shukar da ya riga ya kama. Mazaunin ciwon ƙasa ne da ruwa, yana kuma iya zaman jira na shekaru. Yadda aka kai ga fahimtar haka tarihi ne da ya ratsa nahiyoyi, kuma yana da abin da zai faɗa wa mai buhun tumatir uku a tsakar gida kamar yadda yake da abin faɗa wa mai kadada goma a Kadawa.

Baƙon da ya zama ɗan gida

Tumatir ba ɗan asalin Afirka ba ne. Danginsa na daji suna tsirowa a yankin tsaunukan Andes, wajajen Peru da Ekwado, amma a Meziko aka san shi a matsayin amfanin gona, inda mutanen Aztek ke kiran irinsa da suna tomatl. Bayan Sifaniyawa sun ci babban birnin Aztek a 1521 suka tsallaka da shi Turai, kuma a 1544 wani likita ɗan Italiya, Pietro Andrea Mattioli, ya ambace shi a littafinsa na tsirrai. A ƙasar Hausa kuwa tukunya ta daɗe tana tafasa ba da shi ba. Kuka da kuɓewa da karkashi da yakuwa da daddawa su ne ginshiƙan miya, sai kuma gauta da yalo, waɗanda a ilimin tsirrai 'yan gida ɗaya ne da tumatir. A ƙarni na 20 ne jar miya ta samu gindin zama, har ta kai yau farashin kwando labari ne a gidajen rediyo.

Abin da ya mayar da tumatir babbar sana'a a Arewa shi ne ruwan rani. Bayan farin farkon shekarun 1970, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ya samu, gwamnatoci suka duƙufa ga gina madatsun ruwa. An kammala ta Tiga a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, ita ce ke shayar da filayen Kadawa da Kura da Bunkure. A 1978 aka kammala ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, maƙwabciyar Anka, aikin da kamfanin Impresit na Italiya ya yi, wanda kuma rikicin diyyar gonaki da ya biyo bayansa ya kai ga 'yan sanda suka kashe manoma a watan Afrilun 1980. Daga baya ƙananan injinan ban-ruwa suka maye gurbin jigo a fadamu, musamman bayan shirin Fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa tun farkon shekarun 1990.

Wannan sauyi ya kawo arziki, ya kuma sauya zaman ƙasa. Gonar da a da take hutawa daga kaka zuwa bazara, rana tana gasa ta wata shida, ta koma a jiƙe kusan duk shekara. Manomin da ya ga riba a tumatir bana, shi zai maimaita baɗi a wuri guda, in ya canza ma sai ya zuba tattasai ko attaruhu. Ruwa kuma yana bin lambatu ɗaya daga wannan komi zuwa wancan. Irin wannan yanayi, na zafi da danshi da abinci iri ɗaya da ba ya yankewa, shi ne abin da ƙwayar ciwon yaushi ke so.

Gardamar Smith da Fischer

A gonakin taba aka fara ganin girman ɓarnar wannan ciwo. Tun shekarun 1880 manoman gundumar Granville ta jihar Karolina ta Arewa a Amurka suka lura tabarsu na kwanciya tana kore. Ciwon ya yi ta bazuwa har ya ɗauki sunan gundumar, kuma a tsakanin shekarun 1920 da 1940 iyalai da dama suka sayar da gonakinsu suka ƙaura, domin ƙasar ta daina ɗaukar abin da suke ci da shi.

A 1896 wani masani na ma'aikatar gona ta Amurka, Erwin Frink Smith, ya bayyana ƙwayar bakteriyar da ke haddasa yaushi a tumatir da dankalin Turawa da wani nau'in yalo, ya ba ta suna Bacillus solanacearum. A lokacin ba kowa ya yarda bakteriya na iya sa wa shuka ciwo ba. Alfred Fischer, wani malami a Jamus, ya dage cewa ƙwayoyin da ake gani a jikin shuka marar lafiya 'yan cin mushe ne kawai, sun zo ne bayan wani abu dabam ya yi kisan. Daga 1897 zuwa 1901 mutanen biyu suka yi ta musayar rubuce-rubuce masu zafi. Smith ya yi rinjaye ne da gwaji: ya raba ƙwayar, ya raine ta ita kaɗai, ya sa wa lafiyayyar shuka, ta kwanta kamar ta farko. Sunan ƙwayar ya yi ta canzawa har zuwa 1995, lokacin da aka tsayar da Ralstonia solanacearum.

Yadda take aiki kuwa shi ne ta shiga ta saiwa, mafi yawa ta wurin rauni, ta isa jijiyoyin da ke ɗaukar ruwa daga ƙasa zuwa ganye. A nan take hayayyafa da sauri, tana fitar da wani abu mai yauƙi da ke toshe hanyar. Shukar tana mutuwa da ƙishirwa gindinta cikin ruwa, shi ya sa ƙarin ban-ruwa ba ya ceton ta, sai dai ya kwashi ƙwayar ya kai wa maƙwabta. Maganin da aka fesa a ganye kuma ba ya isa inda take.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ta, wadda ba ta buƙatar ɗakin bincike. A yanke karan shukar daga kusa da gindi, a rataya guntun cikin kofin gilashi mai ruwa garai-garai, a bar shi ba motsi. Idan bakteriya ce, cikin 'yan mintoci za a ga wani farin zare kamar madara yana saukowa daga bakin yankan.

Manoman Granville sun samu sauƙi a tsakiyar shekarun 1940, lokacin da aka fitar da irin taba mai juriya da ake kira Oxford 26, wanda aka samo tushensa daga wata taba ta Kolombiya. Ko a sannan, masana sun ci gaba da jaddada cewa irin ba ya wadatarwa sai an haɗa shi da juya amfanin gona.

Haruffa biyu a jikin gwangwani

Ba bakteriya kaɗai ke sa tumatir yaushi ba. A 1895 George Massee, masanin lambun Kew a Ingila, ya yi rubutu kan wani ciwo da masu noman tumatir ke kira ciwon barci. Mai haddasa shi dangin fumfuna ne mai suna Fusarium, shi ma ta saiwa yake shiga ya toshe jijiyoyi. Alamarsa ta bambanta: ganyen ƙasa ne ke fara yin rawaya, sau da yawa ta ɓangare ɗaya na shukar, ciwon yana hawa a hankali, kuma idan an tsaga kara za a ga layi ruwan ƙasa a ciki, amma babu farin zaren nan a kofi.

A kan wannan ciwo masu binciken iri suka ci babbar nasara. A 1939 Bohn da Tucker a jihar Misuri suka nuna cewa wani ƙaramin tumatir na daji daga Peru yana da garkuwa daga Fusarium, kuma garkuwar tana bin gado ta hanya mai sauƙi. Aka yi ta barbara shi da tumatir na gida. Ma'aikatar gona ta Amurka ta fitar da irin Roma a 1955, daga baya aka samu Roma VF, sannan Jami'ar Kalifoniya ta fitar da UC82 a shekarun 1970. Waɗannan biyu suna cikin irin da suka fi yaɗuwa a lambunan Arewacin Nijeriya.

Haruffan nan biyu da ake gani a jikin gwangwanin iri alkawari ne mai iyaka. V na nufin juriya ga Verticillium, F kuma ga Fusarium, dukansu dangin fumfuna. Babu ko ɗaya da ya shafi bakteriya. Mai lambun da ya sayi iri mai tsada don an ce masa ba ya yaushi, sannan ya ga ya kwanta, ba lallai ne jabu aka sayar masa ba. Yana iya yiwuwa wani maƙiyi ne dabam da wanda aka yi wa garkuwar. Ita kanta garkuwar Fusarium ba ta dawwama: wani sabon nau'i da ya fi ƙarfinta ya addabi gonakin Filorida a farkon shekarun 1960, na uku kuma ya ɓulla a Ostareliya a ƙarshen shekarun 1970.

Wani lokaci akan ƙara harafin N, wanda ke nufin juriya ga wasu tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani, masu sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli. Suna da muhimmanci a wannan labari domin su ke huda saiwar, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sai dai wannan garkuwa tana raunana idan zafin ƙasa ya wuce digiri 28 a ma'aunin Salshiyas, abin da ba baƙo ba ne a Zamfara daga watan Maris zuwa saukar damina.

Akwai kuma wasu cututtukan bakteriya da ke bin iri maimakon ƙasa. Smith ɗin nan ne a 1910 ya bayyana wanda ke tsaga kara yana ƙone gefen ganye, bayan ya ɓulla a jihar Mishigan. A Afirka ta Kudu kuma, wata masaniya mai suna Ethel Doidge ta bayyana a farkon shekarun 1920 wanda ke sa baƙaƙen ɗigo a ganye da 'ya'ya. Wannan na biyun ruwan sama ne ke fantsama shi daga ganye zuwa ganye, yana cikin dalilan da suka sa tumatir ɗin damina ke wahala. Feshi mai sinadarin jan ƙarfe yana rage shi idan an fara da wuri, amma tun shekarun 1980 aka samu nau'o'insa a Filorida da suka daina jin wannan magani.

Shekarar da tumatir ya gagari talaka

Annobar tumatir da mutanen Arewa suka fi tunawa ta 2016 ce, kuma ba ta da alaƙa da yaushi. Wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai suna Tuta absoluta, ɗan asalin Kudancin Amurka, wanda ya isa Sifaniya a 2006, ya bi ta Arewacin Afirka ya gangaro. Tsutsarsa tana shiga cikin ganye da 'ya'ya tana ci. Manoman Kano suka sa masa suna Sharon, jaridu kuma suka kira shi Ebolar tumatir. A watan Mayun shekarar gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan noman tumatir, farashin kwando ya ninka sau da yawa, kuma masana'antar Ɗangote da ke Kadawa, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana, wadda ta fara aiki a watan Maris, ta tsaya saboda rashin kaya.

Wannan ƙwaro ana ganinsa, ana iya kafa masa tarko, kuma akwai magungunan da ke kashe shi. Shi ya sa mutane da yawa suka ƙara sakankancewa cewa duk abin da ya samu tumatir feshi ne maganinsa. Ciwon yaushi ba ya zuwa da irin wannan ƙara. Yana cin komi ɗaya bana, uku baɗi, har mai lambu ya wayi gari yana cewa ƙasar ta gaji, ko ya zargi iri, ko bakin mutane.

Abin da shekara ɗari suka koyar

Duk dabarun da suka tabbata suna aiki, kafin dashe ake yin su. Na farko shi ne hana ƙwayar abinci. Tumatir da tattasai da attaruhu da barkono da gauta da yalo da dankalin Turawa da taba duk 'yan uwa ne, kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Wurin da yaushi ya bayyana a ba shi shekara uku ko huɗu da dawa ko gero ko masara, da rani kuma albasa ko tafarnuwa ko alkama, a kuma riƙa cire ciyayi domin wasunsu suna ɓoye ƙwayar ba tare da sun nuna alama ba.

Na biyu shi ne ruwa. A ɗaga kunya don kada ruwa ya kwanta a gindi, kuma kada a bar wanda ya ratsa wurin da ya kamu ya wuce zuwa lafiyayye. Shukar da ta kwanta a tuge ta da ƙasar da ke manne da saiwarta, a fitar da ita daga lambu a ƙone, kada a jefa ta a juji ko a ramin taki. Wuƙa da fartanyar da suka taɓa ta a wanke su a gasa a wuta.

Na uku shi ne wurin rainon iri, domin dashe ɗaya mai ɗauke da ciwo ya isa ya gurɓata sabon wuri. Tsohuwar al'adar ƙona karare a kan wurin da za a yafa iri tana da hujja, zafin yana rage ƙwayoyin da ke saman ƙasa. A 1976 Jaacov Katan da abokan aikinsa a Isra'ila suka nuna cewa idan aka jiƙa ƙasa aka lulluɓe ta da farar leda mai nuna ciki na mako huɗu zuwa shida a lokacin tsananin zafi, rana kan dafa ta. Dabarar ta fi tasiri a kan fumfuna da tsutsotsin saiwa fiye da bakteriyar da ta nutse can ƙasa, amma ga gadon iri da ƙasar buhu tana da amfani ƙwarai, kuma ranar Afrilu a Zamfara kyauta ce. Ga cututtukan da ke bin iri kuwa, ana jiƙa shi cikin ruwa mai zafin digiri 50 na minti 25, da ma'auni a hannu, domin idan zafin ya wuce irin ne zai mutu.

Na huɗu shi ne aure, irin wanda ake yi wa mangwaro. Cibiyar binciken kayan lambu ta duniya da aka kafa a Taiwan a 1971 ta yaɗa dabarar ɗora kan tumatir mai daɗi a kan gindin da ke jure bakteriya, kamar tumatir Hawaii 7996 ko wani nau'in yalo mai lamba EG203. A lardin Lam Dong na Biyetnam, inda yaushi ya taɓa hana manoma sakat, dabarar ta shiga a farkon shekarun 2000, cikin shekara goma kusan kowa ya koma dasa mai aure. Cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da reshen cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Bagauda a Kano, su ne wuraren da ya dace a nemi wannan ilimi ya sauko har bakin fadama.

Darasin Bagega

A yammacin Zamfara wasu daga cikin waɗannan shawarwari sun fi sauƙin faɗa da aikatawa. Juya amfanin gona yana buƙatar fili, alhali ta'addancin 'yan bindiga ya hana manoma da yawa a Anka da Bukkuyum da Gummi isa gonakinsu masu nisa. Jama'a sun taru a filayen da ke bakin gari, ana noma wuri ɗaya kowace shekara, kuma 'yan shuke-shuken cikin gida sun zama abin dogaro ga iyalai da dama.

Sai dai babu al'ummar da ta fi ta wannan yanki sanin cewa ƙasa tana riƙe abin da aka zuba mata. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Yargalma, saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Sama da yara 400 suka rasu. Likitoci ba su iya fara ba da magani a gari ba sai an tsabtace ƙasarsa, domin yaron da aka yi wa magani ya koma wasa a tsakar gida mai guba zai sake kamuwa. Aikin ya kasance na kankare saman ƙasa gida-gida, a kwashe a binne, a zubo mai tsabta. An yi wa ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, amma Bagega, mafi girma a cikinsu, ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin.

Dalma da bakteriya ba abu ɗaya ba ne. Dalma ba ta ruɓewa, sai dai a kwashe ta. Ƙwayar yaushi kuwa mai rai ce, idan an hana ta abinci tana raguwa. Amma ga mai son dasa tumatir a gida a Bagega ko Anka, tambayar farko ɗaya ce: daga ina wannan ƙasar ta fito? Amsar da ta fi aminci ita ce noman buhu, da ƙasar da aka ɗebo nesa da wuraren niƙa da wankin zinare, wadda kuma ba a noma tumatir ko danginsa a cikinta ba, a gauraya ta da takin da ya ruɓe sosai. A ɗora buhunan a kan duwatsu ko bulo don kada saiwa ta ratsa zuwa ƙasan gida, kada kuma ruwan tsakar gida ya shiga. A wanke 'ya'yan kafin su shiga tukunya, domin ƙurar da ke kwanciya a jikinsu ta fi abin da shukar ke zuƙa haɗari. Idan buhu ɗaya ya yi yaushi, a gwada karansa a kofi, a fitar da shi da ƙasarsa gaba ɗaya, sauran su ci gaba da rayuwa. Manoman Granville ba su da wannan zaɓi, domin ba a ɗaukar gona a fitar da ita waje, shi ya sa su ne suka tashi suka bar mata wurin.